JIRAGEN FAIBA A KOGIN BINUWAI: Wa Zai Gyara Su In Yashi Ya Ci Gindinsu?

Daga Wakilinmu a Yola

Duk wanda ya bi ta kan gadar Jimeta a watan Maris ko Afrilu, ya leƙa ƙasa, zai yi mamakin yadda Kogin Binuwai ya rame. Abin da zai gani shi ne tudun yashi iyakar ganinsa, ruwa kuwa ya koma 'yan zirara yana ratsawa ta tsakani, har akwai wuraren da yaro zai tsallaka bai jiƙa wandonsa ba. To, wannan kogin ne kuma yakan cika ya batse a Agusta da Satumba, ya tura ruwa tafkin Geriyo da fadamun da ke kewaye da shi, har mutanen unguwannin kwari irin su Damilu da Jambutu su riƙa kwana da ido ɗaya. A shekarar 2012 da ta 2022, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, an ga yadda jirgin ruwa ya zama shi ne motar haya, shi ne kuma motar asibiti a garuruwan bakin kogi na Jihar Adamawa.

Tsakanin waɗannan lokuta biyu, watau na ƙarancin ruwa da na yawansa, akwai wani aiki da ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa rayukan jama'a sun rataya a kansa. Aikin nan shi ne gyaran gindin jirgi. Jirgin da yashi ya gurje wa ƙashin baya da rani, shi ne dai za a loda wa mutane da buhuna da babura da damina. In an gyara shi da kyau, babu wanda zai san an yi. In kuwa an shafe ɓarakar da fenti ne kawai, to, ranar da za a gane ba ranar daɗi ba ce.

KOGIN DA YA SAN JIRAGE

Ba yau Binuwai ya fara ɗaukar jirage ba. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, a cikin kwalekwale ya ƙetare shi a watan Yuni na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola, shekara 10 ke nan bayan Modibbo Adama ya kafa garin. Ta kogin nan ne kuma sojojin Ingila suka hauro a jiragen tururi a 1901 suka ci Yola a zamanin Lamido Zubairu. Jimeta ita kanta tashar jirgi ce ta raya ta. Dattawan garin suna iya tuna zamanin da manyan jiragen kamfanoni ke tasowa daga kudu in ruwa ya kawo, su sauke gishiri da atamfa da kananzir, su kwashi gyaɗa da auduga da fatu, wasu ma su zarce har Garwa, su yi maza su juyo kafin ruwa ya janye ya bar su a kan yashi.

Wannan zamani ya wuce. Hanyar mota ta kashe kasuwar manyan jirage, ga kuma madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta sake wa kogin hali. Abin da ya rage shi ne ƙananan jiragen fito da na masunta da na masu ɗiban yashi, yawancinsu na katako. Sannu a hankali kuma sai ga wani baƙo ya shigo cikinsu, watau jirgin faiba, wanda galibi hukuma ce ke kawo shi, ko dai don agajin ambaliya, ko don sintiri, ko kuwa a raba wa ƙauyukan da ba su da gada.

Dalilin shigowarsa ba ɓoyayye ba ne. Haɗarin jirgin da aka yi a yankin Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, da na 'yan biki a Patigi ta Jihar Kwara a Yunin 2023 wanda ya ci rai sama da 100, sun girgiza ƙasa. Mu ma nan Adamawa ba mu tsira ba, domin a watan Satumba na 2023 jirgi ya kife a tafkin Njuwa kusa da Yola, ba a gama zaman makoki ba wani ya sake kifewa a Gurin ta Ƙaramar Hukumar Fufore. Bayan irin waɗannan ne Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya sha yin kira ga jihohi su rabu da jiragen katako su koma na faiba da na alminiyam. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ita ma bakinta ɗaya da shi.

Shawara ce mai kyau, ba mu ƙi ta ba. Amma fa akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani, wanda ba a faɗa a wurin bikin miƙa jirage. Katako ya fi ruwa sauƙi, saboda haka kwalekwalen katako ko ya cika da ruwa sau da yawa yakan tsaya a sama, mutane su kama gefensa har taimako ya zo. Faiba kuwa ta fi ruwa nauyi. Abin da ke hana jirgin faiba nitsewa in ya cika shi ne ɗakunan iska ko soson roba da aka rufe a ƙarƙashin dandamalinsa da kujerunsa. Idan ƙashin baya ya huje, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin ɗakunan nan ba a sani ba, to, jirgin ya rasa abin da ke ɗaga shi. Daga waje lafiya lau, fenti na ƙyalli, a ciki kuwa yana ɗauke da durom guda na ruwa kafin fasinja ko ɗaya ya taka.

MECE CE FAIBA?

Abu biyu ne aka haɗa. Na farko zaren gilashi ne, siriri fiye da gashin kai, wanda ake yi wa shimfiɗa kamar tabarma ko a saƙa shi kamar buhu. Na biyu wani ruwan danƙo ne da ake kira rezin, mai kauri kamar zuma, wanda in an ɗiga masa maganin daskarewa, watau hadana, yakan ɗau zafi ya sandare. Zaren shi ke ba da ƙarfi, danƙon shi ke riƙe zaren ya hana ruwa shiga. Kowanne shi kaɗai ba ya aiki: danƙo ba zare yakan fashe kamar kwalba, zare ba danƙo kuwa tsumma ne. A Amurka aka fara sana'ar, inda kamfanin Owens-Corning ya kafu a 1938, sa'an nan wani maƙerin jirage mai suna Ray Greene ya yi jirgi da ita a Jihar Ohio a 1942. A nan gida masu gyaran jikin mota sun daɗe da saninta, da ita suke ɗinke bamba da ta tsage.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Da yake mai gyaran bamba ne ke da kayan, shi ake kira in jirgi ya sami matsala, shi kuwa sai ya yi wa jirgi irin abin da ya saba yi wa mota: ya goge wurin sama-sama, ya manna faci ɗaya, ya cike da hodar cike ramin mota, ya fesa fenti. Mota ba ta kwana a ruwa. Hodar nan tana shan ruwa, facin da aka ɗora a kan fenti kuwa bai kama komai ba sai fentin.

YADDA YASHI KE CI

Jirgin teku dutse yake tsoro, na Binuwai kuwa yashi. Kullum aka zo gaɓa sai an turo hancin jirgi kan yashi don mutane su sauka, in dare ya yi a ja shi sama, da rani kuma a yi ta gurzar tudun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, wanda bana yana nan, baɗi ya koma can. Yashi samfefa ne, ba ya gaggawa, ba ya kuma fashi. Da fari zai cinye santsin nan na waje mai launi. Daga nan zaren ya bayyana fari-fari kamar furfura, ya fara tsotsar ruwa. Sai kuma a wayi gari an daki kututturen da ambaliya ta kawo, wurin da ya riga ya yi laushi ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai jirgi zai iya gane ciwon da kansa ba tare da wata na'ura ba. A kife jirgin, a wanke, a ɗauki ƙaramar guduma ko kwabo a riƙa ƙwanƙwasawa daga hanci har wutsiya. Wuri mai lafiya yakan yi ƙara tsaf, wurin da faiba ta rabu da juna kuwa sai ka ji shi diɓ-diɓ kamar an bugi kabewa. A zagaye duk inda ya yi haka da alli. Sau da yawa tsagar da ido ke gani ba ta fi tsawon yatsa ba, amma allin sai ya zagaye wuri mai faɗin faranti.

AIKIN KANSA

Abu na farko, kuma wanda aka fi yi wa ha'inci, shi ne bushewa. Rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri ko kaɗan. Dole a huda ƙasan ɗakin iska a tsiyaye ruwan da ya taru, a buɗe ciwon, a bar jirgin a kife kwana da kwanaki. Nan Allah Ya yi mana gata, domin iskar hunturu da ranar bazara ta Yola sun fi kowace na'urar busarwa. Mai son ya tabbatar sai ya manne farar leda a kan wurin, ya liƙe gefunanta, ya bar ta ta yini a rana. In ya ga gumi a cikin ledar, da sauran ruwa. Wannan ne ya sa gyaran da aka yi a Fabrairu ko Maris ya fi wanda aka yi a Agusta, lokacin da mai jirgi ke tsaye a kan mai gyara yana ƙirga kuɗin fiton da ke wuce shi.

Na biyu shi ne gurzawa. Ana sa injin gurza a cire duk abin da ya mutu, har a kai ga faiba mai lafiya wadda ba ta da farin dabbare. Ba a barin bakin ramin a tsaye kamar na rijiya, sai a fiƙe shi ya kwanta kamar bakin kasko. Ƙa'idar da maƙera jirage suka yarda da ita ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12. Watau in kaurin milimita 6 ne, a fiƙe kimanin santimita 7 ta kowane gefe. Masu jirgi ba sa son wannan mataki, don gani suke an mayar da ƙaramin rami babba. Amma sabuwar faiba ba ta narkewa ta haɗe da tsohuwa, mannewa kawai take yi, saboda haka iyakar faɗin wurin da ta kama, iyakar ƙarfinta. Bayan gurza a share ƙurar, a goge da asiton da tsumma mai tsabta. Ba a gogewa da fetur ko kananzir, suna barin maiƙo.

Na uku, yankan tabarma. Kafin a buɗe galan ɗin rezin, a yanka tabarmar faiba falle-falle, kowanne ya ɗan fi na bayansa girma, yadda in an jera su za su cike kaskon nan daidai. Tabarmar da aka fi samu a kasuwa, mai nauyin giram 450 a kowace murabba'in mita, falle ɗaya yakan ba da kaurin kusan milimita 1, yana kuma shan rezin wajen kilo 1. A ƙashin baya yana da kyau a riƙa sa saƙaƙƙiyar a tsakanin falle da falle, don ita ce mai ƙarfin jan nauyi. In ramin ya ratsa har ciki, sai a tare bayansa da kwali ko falankin da aka naɗe da leda, in kuma hannu na kaiwa, a yi facin ciki da waje.

Na huɗu shi ne haɗi, kuma a nan ne zafin garinmu ke zama abokin gaba. Ana sa hadana kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, watau mililita 10 zuwa 20 a lita guda ta rezin. Sirinjin allura na kantin magani ya isa awo, ba sai an yi da ka ba. Lissafin da ke jikin galan an yi shi ne don wuri mai sanyin awo 20 zuwa 25, inda mutum ke da kamar minti 15 ko 20 kafin haɗin ya kama. A Jimeta kuwa, inda zafi ke haura awo 40 a watan Afrilu, haɗin yakan daskare a cikin kwano mai aiki bai kai rabi ba. Maganin abin shi ne a yi aikin da sassafe, a inuwa, a tsaya a kan kashi 1, a kuma riƙa dama kaɗan-kaɗan. Kada a rage ƙasa da haka, don ba zai nuna ba, zai zauna da danƙo-danƙo har abada. Wanda ya zuba da yawa don ya gama da wuri kuwa, faci zai yi zafi, ya ƙone, ya yi gautsi.

Sa'an nan a shafa rezin a wurin, a ɗora falle, a riƙa daddanna shi da bakin buroshi har farin ya ɓace ya zama garau, a bi da ƙaramar rola ta ƙarfe a kore iska. Duk farin tabon da ya rage, kumfa ce, kumfa kuwa ƙofar ruwa ce. Ba a wuce falle 3 ko 4 a zama ɗaya, sai a dakata zafin ya sauka. In an cike, a bar shi ya kwana, a goge, a shafe da santsin waje. Mai dabara yakan ƙara falle biyu ko uku a tsawon ƙashin bayan gaba ɗaya, ko ya ɗaura masa siririn ƙarfen da ba ya tsatsa, don yashi ya sami abin ci kafin ya kai ga jirgi.

Akwai wani irin danƙo da ake kira efoksi, wanda ya fi rezin na yau da kullum kamu da hana ruwa, sai dai ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, kuma saƙaƙƙen zare yake so. In da hali, shi ya fi dacewa da ƙashin baya. A dai tuna, efoksi yana kama tsohon rezin, amma rezin ba ya kama efoksi sosai.

AKALA DA MAZAUNIN INJI

Yawancin jiragenmu ba su da akala ta dabam a ƙarƙashin ruwa. Kwalekwale da filafili da gora ake juya shi, mai inji kuwa injin ne akalarsa. Ɗan fiffiken da ke ƙasan farfelar inji na alminiyam ne, in ya karye wurin mai walda za a kai shi, faiba ba ta da amfani a nan. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne allon baya da inji ke rataye a kai. A cikinsa akwai katako da aka lulluɓe da faiba, ruwa kuwa yakan bi ramukan kusoshi ya ruɓar da shi. In ka kama inji ka girgiza ka ga allon yana lanƙwasa, ko ruwa mai launin shayi na fita ta bakin kusa, to, faci a waje ɓata kuɗi ne. Sai an yanke fatar ciki, an kwashe ruɓaɓɓen katakon, an sa sabo, an sake lulluɓewa. Manyan jirage masu akala ta faiba su ma haka abin yake: a huda ƙasanta a ga ko ruwan tsatsa zai fito, in kuma fiffiken na motsi sandar ƙarfen na tsaye, sai an tsaga ta biyu an yi walda a ciki.

Wasu masu jiragen katako kuma sun fara sha'awar lulluɓe gindin jirginsu da faiba don su huta da kwasar ruwa. A ganina wannan sai an yi hattara. Katako yana kumbura yana motsewa, faiba ba ta yi. In da rezin na yau da kullum aka yi, ko katakon bai bushe ba, ba a jimawa za ta saki, ruwa ya maƙale a tsakani, katako ya ruɓe a ɓoye. Gara ɗigon da kake gani kana kwashewa da ruɓar da ba ka gani.

LAFIYAR MAI GYARA

Na taɓa tsayawa kusa da inda ake gurzar faiba na 'yan mintoci, na kwana ina susa. Yaran da ke wannan aiki kuwa sau da yawa ba takunkumi, ba tabarau, daga su sai singileti. Ƙurar tana shiga huhu, warin rezin yana sa jiri in wurin a rufe yake. Mafi haɗari shi ne hadana, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, saboda haka a ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa, in ta faru a yi ta wanke idon na minti 15 a garzaya asibiti. Akwai kuma wani ruwa mai launin shuni da wasu 'yan kasuwa ke sayarwa dabam don hanzarta kamu. Shi a cikin rezin ake fara dama shi. In ya gamu da hadana kai tsaye, wuta ce take tashi nan take. Ragowar haɗin da ya yi zafi a kwano kada a jefa shi cikin shara, sigari kuma a yi nesa da ita. Rezin ma yana tsufa, musamman a zafi, wanda ya wuce wata 6 a shago ko ya fara gudaji ba na gindin jirgi ba ne.

Abin da ya rage shi ne tambayar da muka yi a sama. A Fatakwal da Legas da Warri, inda kamfanoni irin su Almarine suka yi shekaru suna ƙera jiragen faiba, masu gyara ba su da wuyar samu. Daga can zuwa Yola kuwa tafiya ce ta yini da kwana, ba mai ɗora jirgi a tirela don tsagar taƙi ɗaya. Idan gwamnati za ta sayi jirage 10, kuɗin na 11 ya isa a koya wa matasan Damilu da Numan da Fufore wannan sana'a, a kuma ba su injin gurza da awo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa tana nan cikin gari, kafintocin da ke ƙera jiragen katako kuma sun riga sun san siffar jirgi da halin kogi, hannu kawai za su sake. Sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito su ma suna da ikon da za su ce ba jirgin da zai ɗau fasinja da damina sai an kife shi an ƙwanƙwasa a gabansu.

Gwajin ƙarshe ba ya cin ko kwabo. Bayan faci ya kwana biyu, a tura jirgin ruwa ba kowa a ciki, a ɗora masa buhunan yashi daidai nauyin da ya saba ɗauka, a yi alama da alli inda ruwa ya tsaya a jikinsa, a ɗaure shi ya kwana. Da safe a duba allin, a kuma buɗe toshiyar ɗakin iska. Ruwan Binuwai yakan fara ɗagowa ne a watan Yuni zuwa Yuli, saboda haka mai jirgin da ya kife nasa a Maris yana da wata uku a hannu.